Kama da Wane Ba ta Wane: Shari'ar Karnuka a Garuruwan Turawa

Na san tun daga ganin kan maganar nan wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su taɓe baki su ce, "Duk matsalolin da suka dabaibaye mu, wannan bawan Allah bai ga abin da zai ɓata wa takarda da tawada ba sai kare?" To, ku yi haƙuri ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Ni dai ba na kiwon kare, ban kuma taɓa sha'awar yi ba. A gidanmu ko zaure kare ba ya shiga. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata irin doka da hukumomin garuruwa da gwamnatoci a ƙasashen Turai da Amurka suka yi ta kafawa tun wajen shekara arba'in da suka wuce, wadda take yanke wa dabba hukuncin kisa saboda kamanninta, sa'an nan ta buɗe wa mai dabbar ƙofar ɗaukaka ƙara wadda bango ne a bayanta. Mu kuwa mutane ne masu saurin kwaikwayo. Duk abin da Bature ya rubuta ya buga masa hatimi, ba a daɗewa sai ka gan shi a teburin wani kansila namu an sauya masa suna kawai. Gara mu yi gardamar tun yanzu, kafin a kawo mana ita a dafe.

Bari in fara da labarin wani kare mai suna Lennox, domin a kansa ne abin ya fito fili yadda ko makaho zai shafa ya ji.

A birnin Belfas na Ailan ta Arewa, majalisar gari ce ke da alhakin aiwatar da dokar karnuka, tana kuma da ma'aikata na musamman don wannan aiki. A watan Mayu na 2010 waɗannan ma'aikata suka je gidan wasu mutane, suka fito da tef irin na tela suka auna karensu, suka ce siffarsa ta yi daidai da ta pitbul, wato irin karen nan mai faɗin kai da ƙaƙƙarfan muƙamuƙi wanda tun asali aka ƙirƙiro don faɗa, suka tafi da shi. Ba don ya ciji wani aka zo kama shi ba. Masu shi suna da lasinsa, sun dandaƙe shi, sun sa an cusa masa 'yar na'urar nan mai lamba a ƙarƙashin fata, sun kuma yi masa inshora. Suka ce karensu ruwa biyu ne, ba pitbul ba ne. Aka shiga shari'a. A 2011 kotun farko ta ce a kashe shi. Suka ɗaukaka ƙara, kotu ta biyu ta tabbatar da hukuncin a cikin shekarar. Suka sake ɗaukakawa zuwa babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar, ita ma a watan Yuni na 2012 ta yi watsi da ƙarar. Mutane wajen dubu ɗari biyu daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu a takardar roƙo. Wata shahararriyar mai horar da karnuka, Victoria Stilwell, ta ce a ba ta shi ta kai shi Amurka da kuɗinta. Shugaban gwamnatin yankin na lokacin, Peter Robinson, shi ma ya ce a duba yiwuwar fitar da shi daga ƙasar. Duk a banza. Ran 11 ga Yuli 2012 aka kashe Lennox, bayan ya shafe fiye da shekara biyu a tsare, masu shi kuwa suka ce ko sallama ba a bar su sun yi da shi ba.

Ba zan ɓoye abin da majalisar garin ta faɗa ba, don ba na son a ce na ci zarafinta a bayan idonta. Masanin da ta ɗauko ya shaida wa kotu cewa karen yana da haɗari, ba a kuma iya sanin abin da zai yi, alƙalai suka karɓi maganarsa suka bar ta masanan da masu karen suka kawo. Haka kuma wasu marasa hankali daga cikin masu goyon bayan karen sun riƙa yi wa ma'aikatan majalisar barazana, abin da babu mai mutunci da zai yarda da shi. Amma ina so mai karatu ya lura da yadda abubuwan suka biyo juna. An kama dabbar saboda awon tef. An raba ta da gidan da ta sani, an kulle ta a keji wata da watanni cikin baƙin mutane. Bayan haka ne aka zo ana gwada halinta, aka ce ai ga shi nan tana zabura. Jama'a, ko ɗan Adam mai hankali aka yi wa haka, yaya za a same shi? Wannan kamar ka ɗaure mutum a rana tun safe ne, da la'asar ka kira shaidu su zo su ga yadda yake da saurin fushi.

Tushen wannan ɓarna yana cikin dokar da majalisar dokokin Birtaniya ta kafa a 1991, wadda Ailan ta Arewa ta yi irinta a shekarar. A watan Mayu na 1991 wani pitbul ya yi wa wata yarinya 'yar shekara 6 mummunan rauni a garin Biradfod. Jaridu suka ɗauka, hankalin jama'a ya tashi, kuma da gaskiyarsu. Ministan cikin gida na lokacin, Kenneth Baker, ya kawo shirin doka, kafin ƙarshen watan Yuli an gama an sa hannu. Har gobe malaman shari'a a can suna kawo wannan doka a matsayin misalin abin da gaggawa ke haifarwa. Ta haramta iri huɗu: pitbul, da Tosa na Japan, da Dogo na Ajantina, da Fila na Barazil. To, da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai aka ga ai pitbul ba shi da wata takardar asali da hukuma za ta dogara da ita a Birtaniya, saboda haka dokar ta yi amfani da kalmar da ke nufin "mai siffar", maimakon "ɗan asalin". A 1993 babbar kotu ta fassara wannan da cewa duk karen da yake da kaso mai yawa na siffofin pitbul ya shiga, ko da uwarsa da ubansa ba pitbul ba ne. Ma'aunin da ake dubawa kuwa wani bayani ne da wata ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta buga tun 1977 don amfanin gasarsu. Wato dai 'yan ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ana iya kashe ɗaya a bar ɗaya, don kan wannan ya ɗara na wancan faɗi.

Hausawa sun gama magana tun da daɗewa da suka ce kama da wane ba ta wane. Masu bincike ma sun zo sun tarar da mu a nan. A wani nazari da aka buga a 2015, an sa ma'aikata 16 na gidajen ajiye karnuka huɗu a jihar Fulorida ta Amurka, ciki har da likitocin dabbobi, su duba karnuka 120 su faɗi irinsu. Suka nuna 62 suka ce masu jinin pitbul ne. Da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta sai aka sami 25 kacal. Waɗannan fa mutane ne da kullum suna cikin karnuka, aikinsu ke nan. A 2022 kuma mujallar kimiyya ta Science ta buga wani babban nazari da ya tattara bayanin karnuka sama da 18,000, aka kuma binciki ƙwayoyin halittar sama da 2,000 daga cikinsu, aka gano cewa irin da kare ya fito daga ciki bai bayyana fiye da kashi 9 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan ba. Idan ido ba ya iya tantance iri, iri kuma ba ya iya tantance hali, to a kan me aka gina hukuncin?

Yanzu mu zo kan ɗaukaka ƙara, domin a nan ne abin ya fi ci mini rai. Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ajin shari'a ya san ƙa'idar farko: wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Alƙalanmu na gargajiya sun san wannan, Turawa ma suna alfahari da shi. Amma dokar 1991 ta juya shi a kife. Ta ce idan mai gabatar da ƙara ya yi da'awar cewa kare mai siffar pitbul ne, to kotu za ta ɗauka haka ne, sai in wanda ake tuhuma ya tabbatar da akasin haka. Ka ji fa! Kai ne za ka nemo masani, ka biya shi, ka biya lauya, ka zo ka tabbatar da cewa karenka bai yi kama da abin da aka ce ya yi kama da shi ba. Yaya ake tabbatar da rashin kama? In ka kawo takardar gwajin jini a ce maka ba jini ake tambaya ba, siffa ake tambaya. In ka kawo maƙwabta su shaida cewa shekara biyar bai taɓa yi wa kowa ko gurnani ba, a ce wannan ba zai sauya faɗin kansa ba. Kana wannan fafutuka kuwa dabbar tana tsare, watanni suna wucewa, kuɗi suna tafiya. Mai hali ya jure, talaka kuwa ya sa hannu a kashe don ya huta. Ashe ke nan hukuncin ya danganta da nauyin aljihu, ba da haɗarin dabba ba.

A shekarun farko ma abin ya fi haka muni, don dokar ba ta bar wa alƙali zaɓi ba sam. Da zarar an tabbatar da laifi, kisa dole ne. Akwai wata karya mai suna Dempsey a Landan. Ita pitbul ce, an yi mata rajista yadda doka ta ce, ana fita da ita da takunkumi. A 1992 wani ya fita da ita yawo, amai ya taso mata, ya cire takunkumin don kada ta shaƙe, 'yan sanda suka gani. Aka yanke mata hukuncin kisa. Shekara uku ana jan shari'a daga wannan kotu zuwa waccan, sai a 1995 aka sake ta. Kada kuma ka zaci an sake ta ne don wani alƙali ya ga rashin hankalin kashe dabba saboda an cire mata takunkumi ta yi amai. An sake ta ne don an gano cewa ba a sanar da mai ita zaman kotun farko ba. Kuskuren takarda ya cece ta, adalci bai sami hanyar shiga ba. Sai a 1997 aka gyara dokar aka ba alƙali ikon barin kare da rai bisa sharuɗɗa, in ya gamsu ba shi da haɗari ga jama'a. Gyara ne mai kyau, amma bai taɓa tushen ba: har yanzu tef ke fara magana kafin a saurari kowa.

Na san abin da abokan gardamata za su ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya faɗa mini ita ba tare da kwana-kwana ba: "Kai kana kukan kare, su kuwa iyayen yaran da aka kashe fa?" Gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2021 wani kare irin wanda ake kira XL Bully ya kashe yaro ɗan shekara 10 a yankin Wales. Irin wannan kare ƙato ne, wani yakan kai nauyin babban mutum, in ya kama kuwa ƙarti biyu ba sa iya ɓanɓare shi. Hare-hare suka yi ta biyo baya, har a watan Satumba na 2023 Firayim Minista Rishi Sunak ya ba da sanarwar za a haramta shi. Ba zan tsaya a nan in ce cizon ɗan ƙaramin kare da na wannan dodo ɗaya ne ba. Wanda ya faɗi haka yana yaudarar kansa. Ƙarfi yana da muhimmanci, kuma duk wanda ya ajiye dabba mai irin wannan ƙarfi a cikin mutane dole a ɗora masa sharuɗɗan da suka fi na mai ɗan kwikwiyo. A kan wannan ba mu da saɓani.

Inda muka rabu shi ne ko haramcin ya biya bukata. A duba abin da ya faru. Pitbul an haramta shi tun 1991. Masu son kare mai ban tsoro ba su tuba ba, sai suka koma ga wani iri da aka haɗa daga jinin pitbul ɗin da wasu, wanda sunansa ba ya cikin doka, ya kuma fi na farkon girma. Wato dokar ta kori kura ta buɗe wa zaki ƙofa. Da aka zo haramta shi kuma sai aka sake ɗauko tef: namiji in tsayinsa a kafaɗa ya kai inci 20, mace inci 19, sa'an nan a duba sauran siffofi. Daga 31 ga Disamba 2023 aka hana sayarwa da haifarwa da fita da shi ba takunkumi a Ingila da Wales, daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma mallakarsa ba takardar izni ta zama laifi. Gwamnati ta yi ƙiyasin akwai wajen 10,000 a ƙasar, da aka buɗe rajista sai ga sama da 50,000. Hukumar da ba ta san yawan abin da take haramtawa ba, har ta yi kuskuren ninki biyar, yaya za a yi ta tsare shi? Kwana biyu kacal da fara aikin dokar, irin waɗannan karnuka suka kashe wata tsohuwa mai shekara 68 a cikin wani gida a yankin Essex. Takunkumin da doka ta wajabta na kan titi ne, alhali da yawa daga cikin irin waɗannan mace-mace a cikin gida suke faruwa. Shugabannin 'yan sandan ƙasar kuwa suka fito suna kukan cewa kuɗin tsare karnuka da yi musu magani, wanda yake fam miliyan 4 a 2018, ya haura fam miliyan 11 tsakanin Fabrairu da Satumba na 2024 kaɗai. Gobe kuma wani zai haɗa wani sabon iri ya raɗa masa sabon suna, a sake komawa majalisa.

Ba ni kaɗai na ga haka ba, waɗanda suka gwada da kansu sun gani. Ƙasar Holan ta haramta pitbul a 1993, ta soke haramcin a 2008 bayan ta duba ta ga cizo bai ragu ba. Birnin Denba na Amurka ya kafa nasa haramcin a 1989, ya yi shekara talatin yana kamawa yana kashewa. A farkon 2020 majalisar birnin ta yanke shawarar sokewa, magajin garin ya hau kujerar na ƙi, sai aka kai maganar gaban masu jefa ƙuri'a a watan Nuwamba, suka soke shi da rinjaye mai yawa, aka koma tsarin izni na musamman.

Amma wanda ya fi koyar da darasi shi ne na birnin Montiriyal a Kanada. A watan Yuni na 2016 karen maƙwabci ya shiga bayan gidan wata mata mai shekara 55 ya kashe ta. Cikin wata huɗu majalisar birnin, a ƙarƙashin magajin gari Denis Coderre, ta kafa dokar hana karnuka masu siffar pitbul. Ƙungiyar kare hakkin dabbobi ta garin ta kai ƙara, kotu ta dakatar da dokar, kotun sama ta maido da ita, aka yi ta ja-in-ja har zaɓen 2017 ya kawo sabuwar magajiya, Valérie Plante, wadda gwamnatinta ta janye haramcin a ƙarshen shekarar. To, a tsakiyar wannan hayaniya rahoton jami'in da ya binciki mutuwar matar ya fito, ya nuna cewa karen nan ya taɓa kai wa mutane hari kafin wannan rana. Ka ga inda gizo ke saƙa. Ga kare guda ɗaya sananne, mai tarihi, a hannun mutum guda sananne, ba a ɗauki matakin da zai hana shi ba. Da ya yi kisa sai aka bi dubban karnukan da ba su yi kome ba da doka. In wannan ba barin jaki a doki taiki ba ne, to ban san ma'anar karin maganar ba.

Dalilin da ya sa 'yan siyasa ke son irin wannan doka ba ɓoyayye ba ne. Tana da arha a baki. Minista ko magajin gari zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce "mun haramta", jama'a su yi tafi, a watse. Ɗaya hanyar kuwa aiki ce mai gajiyarwa wadda ba ta shiga kanun labarai: a yi wa kowane kare rajista, a ɗauki ma'aikata, a amsa kowane koke, a je gidan mai karen tun ranar da aka ce ya fara bin yara da gudu. Birnin Kalgari, a Kanadar nan dai, ya bi wannan hanya da dokarsa ta 2006, wadda ba ta ambaci sunan wani iri ba. Ta ɗora nauyin a kan mai dabba, ta dogara da lasin, ta kuma yi hukunci da abin da kare ya aikata. Ita kanta Birtaniya a 2014 ta yi gyaran da ya fi haramcinta amfani, inda ta sa dokar ta shafi harin da ya faru a cikin gida, ta kuma ɗaga hukuncin mai karen da ya yi kisa zuwa ɗaurin shekara 14. Wannan ita ce dokar da ke duban wanda ya kamata a duba, don kare ba ya sayen kansa, ba ya ɗaure kansa a sarƙa ba ci ba sha, ba kuma shi ke barin ƙofa a buɗe ba.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da kula da ajiyewa da zirga-zirgar dabbobin gida kowane iri. Wato ikon yana nan a hannun ciyaman da kansilolinsa. Duk wanda ya zaga unguwannin masu kuɗi a manyan garuruwanmu kuwa ya san ƙattin karnukan ƙasashen waje sun shigo, ana ajiye su don gadi da kuma nuna isa. Ranar da ɗaya zai yi ɓarnar da za ta girgiza gari, Allah ya kiyaye, abin da zai fi sauƙi shi ne wani ya ɗauko jerin sunayen Turawa ya ce an haramta. In an yi haka, na rantse ba karen mai gidan sama za a kama ba. Na mafarauci za a kama, da na makiyayi, da na mai gadin kasuwa, ma'aikaci ya dube shi ya ce ya yi kama, sai an ba da na goro.

Alhali ma babbar barazanar da ke gabanmu ba ta da alaƙa da iri. Shekarun baya wani ɗan jan kare, irin namu na gida wanda bai fi zakara biyu nauyi ba, ya ciji ƙanena a ƙafa yana dawowa daga makarantar allo. Muka bi sawu har gidan da ake ganin yana shiga, mai gidan ya ce shi ba nasa ba ne, abinci kawai yake zuba masa. Muka je ofishin hukuma, babu wanda ya san teburin da za mu kai kuka. Babu rajista, babu takardar rigakafi, babu mai cewa a tsare karen a ga ko mahaukaci ne. Mahaifinmu ya sayar da tunkiya aka yi wa yaron allurai, muka yi makonni muna kallonsa da fargaba duk lokacin da ya ce kansa na ciwo. Allah ya sa ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne wanda da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Ta kuma ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, ana iya katse yaɗuwarsa. Babu tef ɗin da zai auna wannan. Ɗan ƙaramin kare mai ɗauke da cutar ya fi kowane pitbul kisa.

Saboda haka in ƙaramar hukumarmu za ta yi doka, kuma ya kamata ta yi, ga abin da nake nema a gare ta. Kowane kare ya zama yana da mai shi a rubuce, da shaidar allurar rigakafi, wanda ke zuba wa kare abinci kullum kuwa kada a saurare shi in ya ce ba nasa ba ne. Mai babban kare, ko wane iri ne, a wajabta masa katanga da ƙofa da igiya da takunkumi in zai fita. Kare ya zama abin tuhuma saboda abin da ya yi: ya bi mutum, ya yi cizo, ya kashe akuyar maƙwabci. In an kawo koke a rubuta, a je a duba cikin kwanaki, a gargaɗi mai shi a rubuce, in ya sake a ci shi tara, in ya yi taurin kai a karɓe dabbar a kuma hana shi ajiye wata. Wanda karensa ya raunata mutum ya biya magani da diyya, in sakaci ya tabbata ya fuskanci kotu shi da kansa. Karen da ya yi mummunan rauni ko kisa kuwa ban ce a bar shi ba, ba ni da wannan taushin zuciyar.

Ɗaukaka ƙara kuma ta zama ta gaske. Hukumar da ta kama ita za ta kawo hujja. Wanda zai saurari ƙarar kada ya zama ma'aikacin ofishin da ya yi kamun, don ba a zama mai ƙara kuma alƙali. Likitan dabbobin da zai duba halin karen ya zama ba ya cin albashi a hannun ɗaya daga cikin masu jayayya. A sa wa'adi na makonni, ba shekaru ba, in hukuma ta wuce wa'adin ba ta kawo hujjarta ba ƙara ta faɗi. Karen da bai taɓa kowa ba ya zauna a gidansu bisa sharuɗɗa har a gama. Wanda aka ciza shi ma a ba shi ikon ɗaukaka ƙara in ya ga an yi wa mai kare sassauci don yana da uwa a gindin murhu, domin a wurinmu wannan ne zai fi yawan faruwa. Kuɗin shigar da ƙara kuma kada ya wuce abin da mai gadi zai iya biya daga albashinsa.

Abokin nawa na ɗaki da na karanta masa wannan ya ce duk ya ji, amma shi har yanzu in ya hango ƙaton kare mai faɗin kai zai sauya hanya. Na ce masa ni ma haka, har da ɗan gudu. Tsoron da ke sa ni da shi mu tsallaka titi hakkinmu ne, ba wanda zai hana mu. Amma ina jiran wanda zai zo shafin nan a fitowa ta gaba ya nuna mini gari ɗaya da ya auna kawunan karnuka da tef, ya kashe waɗanda suka faɗi awo, sa'an nan ya kawo alƙaluman asibiti da suka tabbatar cewa awon ne ya rage yaran da ake kawowa da cizo.